Sigarin Lantarki da Lafiyar Huhu: Tambayoyi da Amsoshi

Shekarun baya kaɗan, sai wanda ya fita waje ne yake ganin sigarin lantarki. Yanzu ana sayar da shi a kantuna da shafukan sada zumunta, wani kamar biro, wani kamar filashin kwamfuta, yana ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'ana'a. Matasa na ce masa “vape”, wasu su ce “shisha fen”. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin iyaye da masu shan sigari da matasan kansu.

Mene ne shi wannan sigarin lantarki, kuma daga ina ya fito?

Na'ura ce mai batir da ɗan zaren ƙarfe da aka naɗe a jikin auduga, da kuma ɗan tanki na ruwa. Idan mutum ya zuƙa, batir ya ɗumama zaren, ruwan da ya jiƙa audugar ya tashi ya zama wani farin hazo, shi ake kaiwa huhu. Babu ganyen taba a ciki, babu wuta, babu toka.

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙera irin wanda muka sani a shekarar 2003. Shi kansa mashayin sigari ne na gaske, kuma kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. Abin ya shiga kasuwar Sin a 2004, ya ƙetara Turai da Amurka bayan 'yan shekaru. A 2015 aka fito da wani sigarin lantarki mai suna Juul a Amurka, wanda ya zo da wani salon haɗa nikotin (sinadarin taba mai sa jaraba) da ba ya kartar maƙogwaro, har yaron da bai taɓa shan komai ba zai iya zuƙar mai ƙarfi bai ƙware ba. Daga nan ne labarin ya sauya. A 2019 fiye da kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantun sakandaren Amurka sun ce sun sha shi a cikin watan da aka yi musu tambayar.

To ai tururin ruwa ne kawai, ko ba haka ba?

A'a. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace yaɗuwa, kuma ba ta da tushe. Ruwan da ke cikin tankin yawancinsa gilisarin ne da wani sinadari da ake kira propylene glycol, sai nikotin, sai kayan ƙamshi da ɗanɗano. Abin da ke fitowa kuwa ƙananan ɗigo ne masu yawo a iska, waɗanda saboda ƙanƙantarsu suke wuce hanci da maƙogwaro su gangara har ƙasan huhu, inda 'yan jakunkunan iska suke, wurin da jini ke karɓar iskar oksijin.

Zafi kuma yana sauya sinadarai. Idan zaren ya yi zafi da yawa, ko ruwa ya kusa ƙarewa auduga ta fara bushewa, gilisarin da abokin haɗinsa sukan farfashe su haifar da formaldehyde da acrolein da acetaldehyde. Na farkon yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, na biyun kuma yana ƙona fatar hanyoyin numfashi. Masu sha sun san lokacin: shi ne sa'adda zuƙa ta zo da ɗaci da warin ƙuna. Sannan masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun auna hazon a 2018 suka sami ƙarafa irin su nikel da kuromiyam da dalma, waɗanda ke zubowa daga jikin zaren.

Amma kayan ɗanɗanon nan ai su ake sa wa a alewa da biskit. Me zai hana a shaƙe su?

Ciki daban, huhu daban. Ciki yana da ruwan narkar da abinci, bayansa ga hanta tana tacewa. Huhu ba shi da ko ɗaya. Fatar da ke tsakanin iska da jini ta fi takardar albasa siranta nesa ba kusa ba. Man gyaɗa abinci ne mai kyau, amma wanda ya ƙware da shi ya shiga huhunsa zai iya kwana asibiti.

Akwai labarin da ya koya wa likitoci wannan darasi tun kafin sigarin lantarki ya zo. A shekarar 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Jasper a jihar Missouri ta Amurka, aka ga tsofaffin ma'aikata takwas na wata masana'antar gugguru da wata cuta da ba a cika gani ba: ƙananan bututun iska na huhunsu sun yi tabo sun tsuke, kuma ba sa warkewa. Bincike ya gano cewa diacetyl ne, sinadarin da ke ba gugguru ƙamshin man shanu. Miliyoyin mutane sun ci guggurun lafiya lau, masu shaƙar tururinsa a wurin aiki su ne suka nakasa. Tun daga nan ake ce wa cutar “huhun gugguru”.

A 2015 masu bincike a Harvard suka gwada ruwan sigarin lantarki kala 51, suka sami diacetyl a 39. Birtaniya ta hana sa shi a ruwan tun 2016. Gaskiya biyu ya kamata a faɗa a nan. Hayaƙin taba sigari ma yana ɗauke da diacetyl, har ya fi yawa. Kuma tabbataccen huhun gugguru daga sigarin lantarki abu ne da ba a cika samu ba, duk da yadda ake yayata shi. Wanda aka fi ambata shi ne na wani yaro ɗan shekara 17 a Kanada a 2019, wanda ciwonsa ya yi kama da shi matuƙa. Abin lura shi ne kayan ƙamshin dubbai ne, an amince da su ne don ci, kuma kaɗan ne daga ciki aka taɓa gwadawa don shaƙa.

Me yake yi wa mutum a watannin farko?

Bushewar baki da maƙogwaro, ƙaiƙayin maƙoshi, busasshen tari, wani lokaci ƙirji ya riƙa ɗaurewa. Gilisarin da propylene glycol suna tsotse danshi, shi ya sa mai sha ba ya rabuwa da ƙishirwa.

A ciki kuma akwai abin da ba a ji. Bututun iska suna da wasu 'yan gashi-gashi da ido ba ya gani, aikinsu dare da rana shi ne turo majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa sama a kakkaɓe su. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayoyin halittar huhu da kuma dabbobi sun nuna hazon yana rage musu kuzari, yana kuma raunana sojojin jikin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta a can ƙasa. Babban rahoton da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2018 ya ce akwai hujja matsakaiciya cewa matasa masu sha sun fi yawan tari da shesshekar numfashi, kuma asma ta fi tasar musu.

Na ji an ce ya kashe mutane a Amurka. Me ya faru?

Ya faru, kuma yana da kyau a san yadda abin yake dalla-dalla, domin ɓangarori biyu duk suna murɗa labarin.

A tsakiyar shekarar 2019 likitoci a jihohin Wisconsin da Illinois suka fara ganin samari lafiyayyu ana kawo su suna haki, da zazzaɓi, da ciwon ƙirji, da yawansu har da amai da gudawa. Hoton ƙirji ya nuna huhu biyu sun yi fari kamar mai limoniya mai tsanani, amma aka nemi ƙwayar cuta aka rasa, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma bai yi aiki ba. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: duk suna zuƙar sigarin lantarki. Cutar ta kai ƙololuwa a watan Satumba, aka sa mata suna EVALI. Zuwa watan Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka rasu. Rabin waɗanda aka kwantar ba su wuce shekara 24 ba. A birnin Detroit sai da aka yi wa wani yaro da bai kai shekara 18 ba dashen huhu biyu.

Da aka wanke huhun marasa lafiya 51 aka auna ruwan, an sami sinadarin bitamin E acetate a 48. A cikin lafiyayyu 99 da aka gwada don kwatanci, ba a same shi a ko mutum ɗaya ba. Shi wannan sinadari mai ne mai kauri da ake sa wa a man shafawa da ƙwayoyin ƙarin kuzari, ba ya cutarwa a fata ko a ciki. Masu haɗa man wiwi a bayan fage ne suka gano cewa kaurinsa da launinsa iri ɗaya ne da man wiwin, suka riƙa yin algus da shi don riba. Idan ya shiga huhu sai ya ɓata wani santsi da ke hana jakunkunan iska mannewa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tambaya sun ce sun zuƙi mai wiwi a ciki, mafi yawansu kuma daga abokai ko dillalan titi ko intanet suka samo.

Masu kare sigarin lantarki sukan ce, to kun gani, laifin wiwi ne da algus. Akwai gaskiya a ciki: Birtaniya, inda miliyoyi ke sha kuma ake sa ido a kan abin da ke cikin ruwan, ba ta ga irin wannan annoba ba. Sai dai kashi 14 cikin ɗari na marasa lafiyar sun ce nikotin kaɗai suka sha, ko da yake ba kowa ne zai amsa shan wiwi a gaban likita da iyayensa ba. A ganina darasin da ya fi shafar mai saye a kasuwannin da ba a sa ido shi ne wannan: duk ruwan da ba ka san wanda ya haɗa shi ba, huhunka ne ɗakin gwajinsa. Kwali mai sheƙi da rubutun Turanci ba shaida ba ne. Na EVALI ma a cikin kyawawan kwalaye aka sayar da su.

To tsakaninsa da taba sigari, wanne ya fi illa?

Taba sigari. A kan wannan kusan babu jayayya tsakanin masana. Bakin karan sigari yana kai wa digiri 900 idan ana zuƙa, kuma ƙonuwar ce ke haifar da kwalta da iskar kabon mai guba da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki masu jawo kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara. Sigarin lantarki ba ya ƙona komai, don haka gubar da ke cikin hazonsa ta fi kaɗan sosai. Rahoton 2018 da aka ambata a sama ya tabbatar cewa wanda ya bar sigari gaba ɗaya ya koma na lantarki, gubar da ke shiga jikinsa tana raguwa.

Za ka ji ana cewa illarsa ta yi ƙasa da ta sigari da kashi 95 cikin ɗari. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ce ta yaɗa wannan adadi a 2015. Ba daga auna huhun mutane aka samo shi ba, ƙiyasi ne na wasu masana da suka zauna suka ba kowane nau'in taba maki, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta yi suka a kansa a lokacin. Ko da adadin ya yi daidai, a tuna da abin da ake kwatanta shi da shi. Sigari yana kashe kusan rabin waɗanda suka daɗe suna shansa ba su daina ba. Faɗowa daga katanga ya fi faɗowa daga bene sauƙi, amma wanda ke tsaye a ƙasa ba shi da dalilin hawa katangar.

Yana jawo kansar huhu?

Kansar huhu takan ɗauki shekara ashirin zuwa talatin ko fiye kafin ta bayyana. Sigari ya cika duniya tun farkon ƙarni na 20, amma sai a 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka fitar da binciken da ya ɗaure shi da kansar huhu a Ingila, gwamnatin Amurka kuma ba ta faɗa a hukumance ba sai 1964. Sigarin lantarki bai fi shekara ashirin da 'yan kai a kasuwa ba, kuma yawancin manyan da ke shansa tsofaffin mashaya sigari ne, don haka raba illar wannan da ta wancan aiki ne mai wuya. Abin da aka tabbatar shi ne akwai sinadarai masu jawo kansa a hazonsa, da ƙarancin yawa idan aka gwada da sigari. Matasan da suka fara da shi ba su taɓa sigari ba, a jikinsu ne duniya za ta karanta amsar.

Shekara goma sha biyar ina shan sigari, na yi ƙoƙarin dainawa na kasa. In koma na lantarki?

Tambayarka daban take da ta yaron da bai taɓa sha ba, amsarta ma daban. Wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 886, aka buga a 2019, ya nuna bayan shekara guda kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar sigari, a ɓangaren waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin kuwa kusan kashi 10 ne. Shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya take ba mashaya shawarar gwada shi. Amma a wannan gwajin dai, cikin waɗanda suka daina ta hanyarsa, takwas cikin goma suna nan suna zuƙarsa bayan shekarar. Sigari suka bari, nikotin na nan riƙe da su. Kuma duk an haɗa musu da zaman shawara na mako-mako, da kayan da hukuma ta tantance. Hukumar Lafiya ta Duniya har yanzu ba ta sa shi cikin hanyoyin da take ba ƙasashe shawara a kansu ba.

Don haka fara da likita ko ƙwararren mai haɗa magani. Akwai filasta da cingam da ƙwayoyi da aka daɗe da sanin aikinsu da iyakar illarsu. In duk sun gaza ka zaɓi na lantarki, to ka koma ɗungurungum, ka sa wa kanka ranar ajiye shi shi ma.

In na riƙa haɗa su fa, sigari a waje, na lantarki a ɗaki?

Wannan ne ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Rage kara ashirin zuwa biyar ba ya rage haɗari da kashi uku cikin huɗu. Ko kara ɗaya a rana yana cutar da zuciya da jijiyoyin jini sosai. Wani bincike da ya bi dubban Amurkawa daga 2013 zuwa 2016 ya sami cewa masu haɗa biyun sun fi kowa kamuwa da cututtukan numfashi masu daɗewa, har sun zarce masu shan sigari zalla.

Ina da asma. Zan iya?

Kada ka fara. Bututun iskar mai asma a kumbure suke dama, abu kaɗan ke sa su tsuke: turare, ƙura, hayaƙin icce, hayaƙin janareto. Wanda ya san yadda hunturu ke yi masa daga Disamba zuwa Fabrairu, yadda abin shaƙa ba ya barin aljihunsa, ba ya bukatar ƙarin wani hazo mai ƙamshi a ƙirjinsa. Haka wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, domin sau da yawa yakan bar tabo a huhu. Haka mai juna biyu, saboda nikotin yana ratsawa ya kai ga jariri, yana kuma taɓa ginuwar huhunsa.

Wanda aka rubuta babu nikotin fa?

Ya rage jaraba, in har rubutun gaskiya ne. An sha auna irin waɗannan a sami nikotin a ciki. Gilisarin da kayan ƙamshi da zafin zare da ƙarafa kuwa suna nan yadda suke, kuma su ne suka fi shafar huhu.

Wanda ke zaune kusa da mai sha, yana cutuwa?

Bai kai hayaƙin sigari ba, domin na'urar ba ta hayaƙi tsakanin zuƙa da zuƙa. Amma abin da mai sha ya feso yana ɗauke da nikotin da ƙananan ɗigon nan, kuma a rufaffen ɗaki ko mota suna taruwa. A nisanta shi da jarirai da masu asma.

Haɗarin da ya fi gaggawa a gida shi ne ruwan kansa. Yana da launi, yana ƙamshin alewa, kuma nikotin ɗin da ke cikin ƙaramar kwalba ya isa ya halaka yaro mai rarrafe idan ya sha. In haka ta faru a ruga asibiti da kwalbar a hannu, kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Me ƙasashe ke yi a kai?

Kowa da kiɗansa. Barazil ta hana sayar da shi tun 2009, Indiya ta hana a 2019. Ostareliya ta mayar da shi kayan kemis a 2024. Tarayyar Turai da Birtaniya sun ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, alhali a Amurka akwai masu ninka haka fiye da sau biyu. Birtaniya, wadda ta fi kowa yabonsa, ita ma ta hana irin wanda ake sha a yar daga 1 ga Yunin 2025, saboda yara da kuma tarin shara.

Na tsinci ɗaya a jakar ɗana, shekararsa goma sha shida. Yaya zan yi?

Hajiya, a fara da zama, duka da tonon silili sukan koya wa yaro ɓoyewa ne kawai. A tambaye shi tun yaushe, sau nawa a rana, wa ke ba shi, kuma ko ana ɗura wani abu a ciki bayan ruwan da ya zo da shi. Idan abin da yake fara nema da ya farka ke nan, ko ransa na ɓaci in ya yi 'yan sa'o'i babu, nikotin ya kama shi, kuma yana bukatar taimako ba faɗa kaɗai ba. Kwanaki ukun farko na dainawa su ne mafi wuya, ciwon kai da ƙunci da rashin barci, sannan abin ya riƙa sauƙi cikin makonni. A gaya masa wannan tun kafin ya fara, don kada ya ɗauka wani ciwo ne ya same shi. Huhun ɗan shekara sha shida bai gama girma ba, sai ya haura ashirin, ƙwaƙwalwarsa kuma sai wajen ashirin da biyar.

Waɗanne alamu ne za su sa a tafi asibiti?

Haki ko sarƙewar numfashi da ke ƙaruwa kwana bayan kwana, ciwon ƙirji, tari da jini, leɓe ya yi duhu, ko zazzaɓi da tari haɗe da amai da ciwon ciki ga wanda ya zuƙa cikin watanni ukun da suka wuce. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a je a yi gwajin tarin fuka, ko ana sha ko ba a sha.

Idan an je, a faɗa wa likita gaskiya ko bai tambaya ba. Alamun irin wannan ciwo suna kama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da limoniya, kuma likitan da ya ga yaro mai kamun kai tare da mahaifinsa ba lallai tunaninsa ya kai can ba. A Amurka an sallami wasu da maganin limoniya, suka dawo bayan kwanaki a galabaice. Da aka san abin da suke zuƙa aka ba su maganin rage kumburi, yawancinsu suka farfaɗo. Idan kunyar iyaye ce ta hana magana, a nemi ganin likitan shi kaɗai. A tafi da na'urar da ragowar ruwan da kwalinsa.